Shekarar da Geron Masu Bi Ya Ƙi Fid da Kai

Kafin in zama ɓarawo, ni auta ne a gidan dattijon ikilisiya. Ku riƙe wannan, samari, don mutane na zaton ɓarawo daga gidan banza yake fitowa. Ni daga gidan da ba a sa hannu a tuwo sai an yi addu'a na fito. Yanzu da Allah ya sa na iya riƙe alƙalami, da furfurata da komai nake zuwa aji ina murna kamar yaro, na ce abin da zan fara rubutawa da hannuna shi ne tsiyar da na tafka.

Ƙauyenmu ɗan mitsitsi ne tsakanin Kiyawa da Dutse. In ka hau tudun gonarmu kana hango duwatsun gari da kawunan dabino. Asalinmu Maguzawa ne. Zamanin Turawa nake ba ku labari, lokacin tsofaffinmu duk sun ga zuwansu da idonsu, ga anini mai huji a hannu amma bakinsu bai daina lissafi da wuri ba. Bishara ta shigo mana ta hannun Malam Bulus. Ɗan ƙauyenmu ne da kuturta ta kora, ya tafi asibitin 'yan mishan neman magani, ya dawo da guntayen yatsu da waƙoƙi cike da baki. Babana ne farkon wanda ya zauna kusa da shi bai ja tabarma baya ba. Daga nan 'yan gidaje kaɗan suka bi, aka riƙa ce mana masu bi, wasu su ce 'yan mishan.

Majami'armu ta zana ce da jinka. Ƙararrawa kuwa tsohuwar garma ce da aka rataye a reshen tsamiya, ni ke buga ta da dutse, kuma ina bugawa har sai Inna ta leƙo ta ce ai an ji, ba kurame ba ne. A ƙasa ake zama. Mutum biyu kawai ke da 'yar kujera a gaba suna fuskantar jama'a, Malam Bulus da Baba. Can baya kuma, bakin ƙofa, nan ne wurin wanda aka sa wa horo, wato wanda ya yi laifi aka dakatar da shi daga jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke rabawa a sujada, har ya gyara. Mu yara ko kallon wurin ba ma son yi.

Kai, Lahadin wancan zamani da daɗi take. Mata su kifa ƙwarya a ruwa suna kiɗa, yayata Saratu ta ja waƙa, tsofaffin da ba su san baitin ba su bi da gyaɗa kai. An tashi, a baje tuwon dawa da miyar kuka a gindin tsamiya, ƙanshin daddawa har gonar maƙwabcinmu Malam Haruna, wani malamin allo da iyakar gonarsa ke jikin tamu. Yakan dogara da fartanya ya tsokani Baba, wai Dattijo kun ba kanku hutu, kun sanar da ciyawa kuwa? Baba ya ce ya aika mata, ta ce sai Juma'a za ta huta. Su yi ta dariya. Har yau in na ji ƙanshin daddawa a wuta sai in ji kamar in waiwaya in ga Inna.

To ga inda maganar take. Bayan shekarun da fara ta cinye gonaki mutane sun sha baƙar wuya, kuma abin da ya fi ciwo shi ne yunwa kan sa mutum ya daka irin da ya ajiye ya sha, damina ta zo ba shi da abin shukawa. Sai ikilisiya ta yi shawara. Ranar godiyar kaka kowane gida ya kawo zangarniyar gero mafi kyau, a tara wuri ɗaya, a damƙa wa mutumin da ko yunwa za ta kar shi ba zai taɓa ba. Ba a ma yi gardama ba, aka ce Baba. Yakan sa a sussuke, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a manyan randuna, ya liƙe baki da yumɓu, a ajiye a ɗakin baya na gidanmu sai ruwan shuka.

Ku da kuka tashi a birni, bari in warware muku. Gero da maiwa 'yan uwa ne, amma gero ɗan sauri ne. Shi ke nuna tsakiyar damina, lokacin marka, daidai sanda rumbu ya koma fayau, ga aikin gona ga ciki ba komai. Shi ke ceton talaka. Maiwa kuwa sai ta ga dama, sai kaka ta nuna tare da dawa. Wanda ya shuka maiwa yana zaton gero ne, ya gayyato yunwa da hannunsa.

A shekarun nan yanar ido ta fara rufe idon Baba. Sai ya riƙa ce min ni ne idonsa. Ni ke ja masa sanda zuwa gona, ni ke shiga ɗakin iri in duba ko ɓera ya yi ɓarna. Ya yarda da ni yadda mutum ke yarda da tafin hannunsa.

Ana nan na haɗu da Ɗan Tani a kasuwar Kiyawa. Yaron wani mai sayen gyaɗa ne, ya san Kano, ya ga jirgin ƙasa, ga jar dara a kai, ga sigari a bayan kunne, in ya wuce sai turare ya biyo shi. Ɗan ƙwalisa ne na gaske. Ni kuwa ga ni da walki da faso a ƙafa. Ya sa min suna Ɗan Lahadi. In 'yan mata masu tallar fura sun zo wucewa sai ya ɗaga murya, wai Ɗan Lahadi a yi mana waƙa mana a ba ka sadaka. Su kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe. Ba yunwa ce ta sa ni sata ba, ku ji da kyau. Jar hula nake so.

Da ɗan kaɗan na fara. Na ɓanɓare gefen yumɓun randa ɗaya, na ɗebi abin da bai fi cikin tafi ba, na musanya da tsire, na mayar da yumɓu na shafe da yawu. Ba wanda ya sani, sama ba ta faɗo ba. Kasuwa ta zagayo na ƙara. Ɗan Tani ya ga gero mai toka a hannuna, ya murza, ya dube ni ya ce ashe ina zaune a kan arziki ina yawo da walki. Ya ce irin gero ya yi wuya bana, mutane na nema ido rufe, maiwa kuwa ga ta nan banza a kasuwa. In kwashe geron in cika da maiwa, toka za ta rufa min asiri. Na ce ai za a gane. Ya ce kafin a gane ai an yi girbi, duk hatsi hatsi ne. Na san ƙarya yake. Ni ɗan manomi ne, shi ko fartanya bai iya riƙewa ba. Amma na ce to.

Ranar Lahadi na yi aikin. Na buga ƙararrawa, na riƙe ciki na ce yana murɗa min, Inna ta jiƙa min kanwa ta tafi sujada. Ɗan Tani ya zagayo ta bayan danga da jaki. Ina kwasar iri ina jiyo muryar Yaya Saratu tana jan waƙa, har na kama kaina ina amshi a hankali. Na cika da maiwa, na bar geron gaskiya a saman kowace randa, na liƙe, na goge sawun jaki da reshe.

Na sayi jar darar kuwa. Abin dariya, ban isa in sa ta a gida ba. A kogon wata kuka nake ɓoye ta a hanyar kasuwa, in na zo in kafa, in zan koma in cire. Gara ta ci gefenta kafin damina ta faɗi.

Ruwan shuka ya sauka, masu bi suka taru a gidanmu da ƙorai. Baba ya fasa yumɓu da kansa, ya tura hannu, ya murza, ya jefa ƙwaya a baki ya tauna, ya ce gero ne mai kyau, a gode wa Ubangiji. Malam Bulus ya yi addu'a doguwa. Ni na auna wa kowane gida, ina cakuɗawa da sauri don na sama ya bi na ƙasa. Wata tsohuwa har ta sa min albarka, wai Allah ya ba kowa ɗa irina. Ba wanda ya wanke ƙwaya ya duba. Irin Baba ne, wa zai duba?

Shuka ta fito kore shar. A wajen maimai Yaya Saratu ta shafa ganye ta ce ita fa geron bana bai yi mata kama da gero ba, Inna ta ce ta cika surutu, ta yi aiki. Marka ta zo. Gonar Malam Haruna ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi. Tamu sai tsawo, sai ganye, kai ɗaya can ɗaya can kamar haƙoran tsoho. Gonakin masu bi duka haka. Da yamma ƙanshin tumu ya taso daga gidajen maƙwabta, yaranmu su tsaya a bakin danga suna haɗiyar yawu. Muka koma kwaɗon tafasa da rama, safe da yamma.

Baba yana da wa, Baffa Jatau, shi ne Sarkin Noman dangi, shi ke riƙe da tsafin gidanmu, kuma bai taɓa yafe wa Baba barin yanka kafin shuka ba. Ya zo har ƙofar gida ya tsaya, ko sallama babu. Ya ce ga abin da yake faɗa tun farko, an hana iskokin gida jininsu, sun shiga randa sun juya gero ya koma maiwa. Ya ce wa Baba ko dai haka ne, ko kuwa shi makaho ne da bai san abin da yake ajiyewa ba, ya zaɓi ɗaya. Ina tsaye a bayan Baba ina riƙe da sandarsa. Baba ya juyo da fuskarsa wajena, da idon nan fari. Gari na wayewa na cika wandona da iska.

Abin da ya biyo baya ba zan ja shi ba, don ba abin alfahari ba ne. Na bi Ɗan Tani. Ya koya min zuba yashi a tsakiyar buhun gyaɗa, da yayyafa ruwa don ta yi nauyi, da caca, da yanke lalita a cunkoson kasuwa. Hannuna ya faɗa, na zama ɗan gari, ana ce min Ɗan Lahadi ina amsawa da taƙama. In na tuna gida sai in kora da giya. Daga ƙarshe muka koma satar jakan fatake. Dubuna ta cika a kasuwar Aujara. Mai jakin ya zo wucewa ya yi wani ɗan fito, jakin ya fizge igiya daga hannuna ya nufe shi. Na waiwaya in ce Ɗan Tani ya yi min shaida, ko ƙurarsa ban gani ba. Na sha duka kamar ganga. 'Yan doka suka tisa ƙeyata Dutse, alƙali ya sa aka yi min bulala, aka jefa ni gidan yari.

A can na san duniya. Sarƙa a ƙafa, gabza a ciki, ɗiban ruwa da fasa dutse da sharar kasuwa. Duwatsun nan da nake hangowa daga gonarmu ina sha'awa, sai ga ni ina hawansu da tulu a kai. Duk da haka ban tuba ba, tsinuwar Ɗan Tani kawai nake yi.

A cikinmu akwai wani tsoho mai barkwanci, faɗan iyakar gona ne ya kawo shi. Wata rana tuwo ya makara, sai ya ce yau kam abincinmu ya zama geron 'yan mishan. Aka fashe da dariya. Na daure na tambaye shi me ke nan. Ya ce kai daga ina kake, ai maganar ta cika ƙasa, duk abin da aka jira bai zo ba haka ake ce masa. Ya zauna ya ba mu labarin ƙauyena kamar tatsuniya. Ya ce mutanen sun sayar da awakinsu, wasu sun jinginar da gona, ba don wani malamin allo ya buɗe musu rumbunsa ba da an yi gawa. Ya ce gidaje da yawa sun tsorata sun koma tsafi, an yanka kaji ba iyaka. Tsohon makahon kuma ya miƙe ranar Lahadi ya ce shi aka ba ajiya, don haka laifin nasa ne, ya ɗauki kujerarsa da kansa ya koma bakin ƙofa wurin masu horo, har yau can yake zama. Ya kwaikwayi yadda makaho ke lalube da kujera a hannu. Kowa na dariya. Ni ma na buɗe baki na yi, don kada a gane ni. Wannan dariya ita ce mafi ɗacin abin da ya taɓa bi ta maƙogwarona.

Ba a daɗe ba aka fito da mu sharar kasuwar Dutse. Ina sunkuye sai na ji ƙanshin daddawa, na ɗago, ga Yaya Saratu zaune bayan faifai. Ta rame. Ta dube ni daga sarƙa har kai, ba ta yi kuka ba. Ta taso ta roƙi gandiroba, ta ce ƙanenta ne, ya kau da kai. Ta tura min ƙuli-ƙuli a hannu ta ce in ci, ba don hali na ba. Na tambaye ta lafiyar Inna, ta ce tana nan, ta daina zuwa kasuwa saboda bakin mutane. Na kasa tambayar labarin Baba. Ita ta faɗa.

"Ya san kai ne, Auta. Tun ranar da ka gudu ya sani."

Na ce to me ya hana shi faɗa, ya wanke kansa?

"Na tambaye shi har na gaji. Ya ce maganar a bakinka take, ba a nasa ba. In ya faɗa a bayan idonka, ya toshe maka hanyar gida."

Ta koma kan faifanta ta ci gaba da ciniki, ba ta sake kallona ba.

Ranar na yi addu'ar da na daɗe ban yi ba. Ba wata mai tsari ba ce. Ina kan dutse da tulu na ce Yesu, ka ga dai abin da na yi, ba ni da bakin kare kaina, ka bar min tsohon nan da rai har in fita. Kullum ita nake maimaitawa. Tsoro ɗaya ne ya rage min a duniya, kada Baba ya mutu a bakin ƙofa da sunan da ba nasa ba.

Da wa'adina ya cika aka kwance sarƙa, na kama hanya da rana tsaka don kowa ya gan ni. Yara na bina a baya. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa a gabansa. Ya ce wane ne, na ce ni ne. Ya laluba kaina, ya sauko kafaɗa, ya kai hannu idon sawuna inda sarƙa ta ci, ya daɗe a wurin. Sai ya ɗaga murya ya ce wa Inna a ƙara ruwan tuwo. Na fara Baba ka yafe, ya ce in ci abinci tukuna, tuba da yunwa ba ta ƙarko. Inna ta ajiye akushi ta zauna nesa tana kallona tana share ido da gefen zane, tana kuma zagina a hankali, duk a lokaci ɗaya.

Na gama, na faɗa masa komai. Ya ce shi ya yafe tun ban tambaya ba, amma ba shi kaɗai na cuta ba. In fara da Baffa. Na ce Baba, Baffa fa, ai ba mai bi ba ne. Ya ce na sa wansa ya yi shaidar abin da bai faru ba, shi ma haƙƙinsa na kaina.

Na sami Baffa Jatau a inuwar ɗorawa da abokansa, ga tukunyar giya a tsakiya. Na tsuguna na zayyana, tun daga tsire har jar hula. Ya saurara har ƙarshe. Can sai ya kece da dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce shege ɗan banza, ka san kajin da aka yanka saboda kai? Ya sa na maimaita da ƙarfi don kurman cikinsu ya ji. Da dariyar ta lafa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ce tun yana yaro yake hidimar iskokin gidan nan bai taɓa ganin sun taɓa randa ba, abin ya ɗaure masa kai shi ma, amma ya ga dama ce ta samu. Ya ce in gaya wa ƙanensa ya faɗa masa magana mai zafi a ƙofar gida, ya janye ta makantar. Ta tsafi kuwa yana nan a kan bakansa. Da yamma ya aiko da zakara, Baba ya ce a karɓa, mu muka yanka da hannunmu.

Lahadi ta zo. Wani yaro ne ke buga garma yanzu. Na shiga na ga majami'a ta yi faɗi, ba don an ƙara ta ba. Malam Bulus a gaba shi kaɗai, Baba a bakin ƙofa. Bayan wa'azi na miƙe, na ce ba iskoki ba ne, ba kuma idon Baba ba ne, ni ne. Na faɗi yadda na yi, har da cewa ina jin waƙarsu ina kwasa. Tsohuwar nan da ta sa min albarka ta ja tsaki mai tsawo. Wani magidanci da gonarsa ta tafi a jingina ya tashi ya fita, ya bi ta gefena bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Malam Bulus ya yi shawara da manya a nan take. Ya ce an ji, Ubangiji yana gafara, ikilisiya ma za ta yi, amma horo ya hau kaina. Zan zauna a baya, ba jibi, kuma daminar da ke tafe zan yi wa kowane gida noma, har da waɗanda suka koma tsafi. Na ce na ɗauka. Sai ya share ido da guntun hannunsa ya ce a ɗauko kujerar Dattijo a mayar da ita inda take, an cuce shi ya isa.

Samari suka taso da murna. Baba ya riƙe ƙafar kujerar gam.

"Ina yaron zai zauna?"

Aka ce a baya, Baba, bakin ƙofa.

"To ku bar ni. Nan iska ta fi shigowa. Matso, Auta, kana tare wa mutane hanya."

Na zauna a ƙasa jikin ƙafarsa. Yaya Saratu ta ja waƙa, Baba ya ɗora hannu a kaina yana buga kiɗan da yatsa.

Haka muka yi ta zama, ni da shi, damina da rani. Na yi noman da aka ɗora min har tafina ya fashe. Malam Haruna na gani na a gonar mutane sai ya ce Dattijo ya samu jakin da ba a sata. Wasu gidajen sun dawo sujada, wasu ba su dawo ba har suka mutu, kuma wannan yana wuyana, ba na ɓoyewa. Magidancin nan sai da aka yi kaka ya amsa gaisuwata. Baba bai koma gaba ba sai ranar da aka ɗage min horo, ni na ɗauki kujerar da hannu ɗaya, na ja shi da ɗayan. Bai yi shekaru da yawa a kanta ba Ubangiji ya kira shi.

To samari da 'yan mata, ga abin da nake roƙonku. Duk wanda ya ce muku ɗan kaɗan ne ba za a gane ba, ku dubi ƙafarsa, ranar da aka kama ku da ita zai gudu. In an ba ku ajiya a gida ko a majami'a don an ga ku 'ya'yan wane ne, ku sani ba ku aka yarda da ku ba tukuna, sunan iyayenku aka jingina a hannunku. Wanda kuma ya riga ya tafka irin tawa, kada ya ce sai ya gyaru zai koma, ni da warin gidan yari na koma. Ka duba da kyau, akwai wanda ke zaune a bakin ƙofa saboda kai, ya yi shiru yana jiran bakinka. Tashi ka je ka faɗa tun yana da rai.